Yadda Larabci Ya Ɓace wa Inna

A lokacin ina matar aure a unguwar Alsawra, inda Larabci ne harshen gari, ina ɗinki a gida, Inna mahaifiyata da yayarta Goggo suna zaune a wurina. Zamanin soja ne, 'yan sanda na yawan kame a kasuwa, wanda duk Larabcinsa bai gamshe su ba sai ya nuna jinsiyya, takardar ɗan ƙasa.

Goggo ce muka sani da mantuwa. Sai ta tayar da gida tana neman carbi, can ta ji shi a wuyanta, ta yi wa kanta dariya. Ta Inna daban ce. Matar da aka haifa a Jazira, yankin noman auduga na ƙasar nan, ta tsufa tana sayar da gyaɗa a Kasuwar Libiya da Larabcin da ya fi nawa, sai maƙwabciya ta gaishe ta, ta tsaya tana kallonta kawai. Ta koma Hausa zalla. Rannan na same ta riƙe da jabana, ɗan tulun da take dafa gahawa a ciki tun kafin a haife ni, tana tambayata me ake yi da shi.

Na gaya wa babban yayanmu. Ya ce tsufa ne, ba ga Goggo ba, wai ma abin alfahari ne tsohuwa ta koma harshen iyayenta. Da na ambaci likita sai ya hau ni da faɗa, wai so nake a ce uwarmu ta haukace.

Wata safiya ina kan keken ɗinki Inna ta fice, ta nufi kasuwa, kame ya rutsa da ita. Bayan azahar na gano ta a harabar 'yan sanda, zaune a rana, mayafinta ya zame. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce masa da Hausa babanta take jira ya dawo daga gonar auduga. Wani ɗan sanda ya ce mini wannan ba 'yar ƙasa ba ce. Na dangwara masa takardarta, na ce ta tsinci audugar ƙasar nan tun ba a haifi uwarsa ba. Har yau ina jin zafin abin.

Washegari na kai ta likita, ban nemi izinin kowa ba. Ya ce wanda ya manta, ya san ya manta, ya kuma tuna daga baya, wannan tsufa ne. Wanda amfanin kaya ko harshe ya ɓace masa, ciwo ne, ba ya warkewa, amma akwai yadda ake kula da mai shi.

Yayana ya daina shiga gidana. Ban ba shi haƙuri ba, kuma wallahi ba zan ba shi ba. Ku masu tsofaffi a gida, ku lura da irin mantuwar, kada wani ya rufe muku baki da zancen kunya. Inna ta rasu ba ta san sunana ba, amma a kan gadonta ta rasu, ina riƙe da hannunta.