Durƙuson da Na Yi a Majalisar Tsangaya

Kujerata a bakin ƙofa take. A nan na tarar da ita ranar da na fara shiga, kuma babu wanda ya taɓa tunanin matsar da ita kusa da teburin. Wai ita ce kujerar wakilin ɗalibai a majalisar tsangayar noma. Lokacin jami'armu sabuwa ce fil, ana jin warin fenti a ko'ina, itatuwan da aka dasa ko akuya ba za su yi wa inuwa ba. Jihar ma ba ta daɗe da fara tsayawa da ƙafafunta ba.

'Yan ajinmu ne suka tura ni. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne daga Aliero da Jega da Maiyama, ni kuma 'yar Gehuru, kuma sun san bakina ba ya mutuwa. Suka ce tunda kullum ni ce mai mita a bayan aji, in je in yi ta inda za ta yi amfani. Na karɓa da murnata.

Ban daɗe ba na gane aikin. A ba ni lemo da biskit, in saurari batun famfon da ya lalace, a tambaya ko ɗalibai na da magana, kafin in gyara murya an wuce gaba. Da an zo batun jarrabawa kuwa, sai magatakarda ya dube ni ta saman tabarau ya ce wakiliyar ɗalibai tana iya fita. Doka ce: ba a tattauna jarrabawa matuƙar akwai ɗalibi a ɗakin. Wato duk abin da ya shafe mu da gaske a bayan idona ake yanke shi. Abin yana ƙona mini rai, amma ina fita.

Fitar ma da tsarinta. Shugaban tsangaya aminin mahaifina ne, tare suka taso a Jega Magaji, kuma tun ina ƙarama Baba nake ce masa. Ba zan iya juya masa baya in fice kamar baƙuwa ba. Sai in zagaya teburin, in durƙusa a gefen kujerarsa in yi masa sallama, shi kuma ya ce, "Tashi, Allah shi yi albarka." Malaman da suka zo daga nesa suna murmushi, suna ganin ƙauyanci ne. Abin da ba su sani ba, a wajenmu durƙuso iri biyu ne. Akwai na gaisuwa, akwai na roƙo. Mai roƙo ba ya miƙewa sai an amsa masa, kuma abin kunya ne ga babba ya bar ɗan mutane a ƙasa.

A shekararmu ta ƙarshe wani ɗan ajinmu, mutumin Aliero, ya rasa mahaifinsa daidai lokacin dashen albasa. Shi ne babba, ƙannensa duk ƙanana. Irin da marigayin ya yafa ya isa cira, an riga an ja fangalin da za a dasa shi a fadama, kuma irin albasa ba ya jiran kowa: ya wuce lokacinsa, shekarar ta tafi. Abincin gidan gaba ɗaya yana cikin wannan fadamar. Ya zauna ya yi dashe, ya tsaya da ban ruwa sai da albasar ta kama, sannan ya dawo makaranta ya rame, tafin hannunsa duk ya tsage.

Ya tarar an hana shi rubuta jarrabawa saboda ya rasa darasin gona. Darasin da ya rasa ɗin kuwa, wallahi ba ƙari na yi ba, na dashen albasa ne. Mu muna bayan tsangaya mun yi layi a kan fangali guda, kowa ya soka irinsa ya karkaɗe hannu, shi yana can yana dashe fadama sukutum. In bai rubuta ba sai ya maimaita shekara, kuma ya gaya mini ƙarara ba zai iya ba. Barin karatun zai yi, yana gab da gamawa.

"Ke ad da kujera can ciki," ya ce mini. "Ki hwaɗa musu. Ni ko ƙohwa ba a bari in kai."

Na ce masa ai kujerar ta bakin ƙofa ce. Ya sunkuyar da kai yana murza tafin hannunsa. Kunya ta kama ni, fushi ya biyo baya, kuma fushin ya fi yawa.

Na fara bin hanyar da ta dace. Magatakarda ya ce batun jarrabawa ne, ba huruminki ba. Malamin darasin ya ce in aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe kowa zai ce kakarsa ta rasu. Na je ofishin Baba, ya ce a makaranta ba shi da 'ya, in bari majalisa ta zauna. Na ce to, Allah ya kai mu.

Ranar zaman na ce wa ɗan ajinmu ya zauna a baranda, kada ya motsa ko me ya ji. Na sha lemona, na saurari batun famfo. Magatakarda ya dube ni ta saman tabarau. Na tashi na zagaya teburin, na durƙusa a gefen kujerar shugaba kamar kullum.

"Tashi, Allah shi yi albarka," ya ce, ko kallona bai yi ba.

"Baba, yau da roƙo niz zo."

Ban taɓa kiransa Baba a wannan ɗakin ba. Na ji kujeru sun daina ƙara.

"Yaron da kunka hana ma jarrabawa shina waje. Ku kira shi ku ji bakinai kahin ku yanke mai hukunci."

"Nan ba wurin wagga magana ba na. Tashi."

"In anka kira shi, sai in tashi."

Ɗakin ya kaure. Magatakarda yana ta nanata doka. Wani malami baƙo ya buga tebur, ya ce da Turanci a kira masu gadi. Baba ya ɗaga hannu ya ce wa zai taɓa ta? Ya san in aka ja 'yar amininsa daga durƙuso, kafin la'asar labarin ya karaɗe kasuwar Jega. Sai suka ce a ƙyale ni, a ci gaba da zama, zan gaji. Magatakarda ya buɗe baki zai fara, ya rufe. Dokarsu ce ta ce ba a batun jarrabawa da ɗalibi a ɗaki, ga shi kuma ɗaliba tana ɗaki, a ƙasa. Ba su iya ci gaba, ba su iya fitar da ni. Gaskiya a lokacin daɗi na ji har cikin raina.

Daɗin bai hana siminti cin gwiwa ba. Tun ina jin zafi har na daina jin ƙafafun gaba ɗaya. Zufa tana bin bayana. Ban ɗaga murya ba, ban kalli kowa a ido ba. Takalmin Baba kawai na ƙura wa ido, ina ganin babban yatsansa yana motsi, alamar ransa ya ɓaci matuƙa.

Akwai wani dattijon malami, Bafulatani mutumin Maiyama, wanda da wuya a ji bakinsa a majalisa. Shi ya ture farantin gabansa ya ce, "Ranka shi daɗe, yarinya ba ta zagi kowa ba. Jin bakin mutum kuma ba shi karya doka. Ni dai ban iya cin biskit ɗiyar mutane tana ƙasa."

Can Baba ya ce wa masinja a kira yaron. Ya juyo gare ni ya ce to, tashi. Na ce sai yaron ya shigo. Da ɗan ajinmu ya shigo ya gan ni a ƙasa, sai shi ma ya fara lanƙwasa gwiwa. Baba ya daka masa tsawa: "Kai kuma kak ka soma!" Na dafa tebur na miƙe da ƙyar, na fita ina ɗingishi. Abin da ya gaya musu ban ji ba, ai doka ta hana.

An bar shi ya rubuta, bisa sharaɗin zai rama darasin gona lokacin hutu. Ni kuma aka yi mini tawa dokar: daga yau wakili daga kujerarsa zai fice, ba zagaya tebur. Ba a jima ba aka nemi ɗalibai su turo wani. Baba ya daina amsa gaisuwata a makaranta, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da gwiwa. A gida mahaifiyata ce ta ce in salla ta zo, dole in je in ba Baba haƙuri.

Na je Jega Magaji ranar salla. Na tarar da shi a zaure da baƙi, na durƙusa na gaishe shi. Bai ce tashi ba. Ya ci gaba da hirarsa, aka kawo fura aka sha, baƙi suka ragu, ina nan. Na san ramuwa ce, na kuma ƙudura ko zan kai magariba ba zan ce na yi kuskure ba. Sai da zauren ya zama daga ni sai shi, sannan ya dube ni.

"Yaron nan na Aliero, ya ci?"

"Ya ci, Baba. Ya gama."

Ya gyaɗa kai, ya kawar da fuska wajen ƙofa.

"To, tashi."

Na tashi. Haƙurin da aka aiko ni da shi na koma da abina Gehuru, kuma har ya bar duniya bai tambaye ni shi ba.