Makin Kallon Ido

Shekarar da shugaban makarantarmu ya dawo daga wani taron bita da sabon tsari, ni aka fara cusawa cikin kwamiti, wai don bakina ba ya shiru. Darasin halittu nake koyarwa a babbar sakandare, kuma na saba da tsohuwar hanya: yaro ya haddace, ya juye a takarda, a ba shi maki ya wuce. Sabon tsarin ya ce a'a. Kowane aji sai mun rubuta abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa da bakinsa kafin a ɗaga shi gaba, mu kuma yi masa matakai: bai kai ba, ya kusa, ya kai, ya zarce.

Muka yi ta zama a ɗakin malamai bayan an tashi, ga zafin Maiduguri, ga fankar da sai an ga dama take juyawa. Jimla ɗaya sai ta cinye mana yammaci. Abokiyar gardamata ita ce malamar Turanci, 'yar kudancin Borno, mai jagorantar mawaƙan cocinsu, mace mai murya kamar ƙararrawa. In na ce fari sai ta ce baƙi, amma gyaɗar da take zuwa da ita tare muke ci.

Cikin ma'aunan akwai bayani da baki: ɗalibi ya tsaya gaban manya ya bayyana abin da ya koya. Samfurin da aka kawo daga taron bita ya ce sai ya ɗaga murya, ya kalli masu sauraro ido cikin ido, in ba haka ba bai kai ba. Muka kwafe shi yadda yake, muka gayyato dattawa daga cikin iyaye, aka fara gwaji da ajina.

Ranar na ga abin da ya tayar mini da hankali. Fitsararrun ajin, waɗanda ba su san bambancin jijiya da hanji ba, suka miƙe suna zare ido suna kwarara magana, suka kwashe maki. Yaran da aka yi wa tarbiyya kuwa suka zube. A garin nan wane ɗan kirki ne zai tsura wa dattijo ido? Tun yana rarrafe ake koya masa ya rusuna, ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani yaro ne ɗan Shuwa, dogo, marar hayaniya, wanda ya fi kowa gane darasina. Ya yi bayani a kan kaska daidai, ba tuntuɓe, amma idonsa na kan takalminsa. Aka rubuta masa bai kai ba, ma'ana zai maimaita aji. Mahaifinsa dillalin shanu ne, kakanninsa makiyaya, kuma da ma rabin zuciyarsa ce ta yarda da boko. Ya same ni a ƙofar gidana a Abbaganaram bayan la'asar, muka gaisa, sannan ya ce, "Malam, na ji an ce bai iya ba. To ba komai. Ina da garke wajen Khaddamari da ke neman mai lura. Ƙarshen zangon nan zan ɗauke shi." Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

Washegari na shiga kwamiti a fusace. Na ce mun bar jaki muna dukan taiki, ilimi muka ce za mu auna, sai ga shi muna auna rashin kunya. Malamar Turanci ta ce, "Malam, sassauta. Gobe yaran nan za su je neman aiki. Wa zai ɗauki mai kallon ƙasa? Gata muke yi musu." Na ce gatan da zai mayar da yaro bayan shanu, Allah Ya raba mu da shi. Murya ta hau murya har shugaban makaranta ya leƙo.

Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙe zumbur. Mahaifinta ne daga ƙauye. Sai ga matar nan mai murya kamar ƙararrawa ta ɗan rusuna, ta sunkuyar da kai, tana amsawa da harshensu a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Tsohon yana can nesa, ba ya ganinta, amma idonta na kan siminti har ta gama.

Ta ajiye wayar. Na ce, "Malama, bai kai ba." Dariya ta ɓarke, ita ma ta zauna tana yi har da hawaye, tana nuna ni da ɗan yatsa. Ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka. Kawo takardar."

A zaman nan muka gyara ma'aunin. Muka ce abin dubawa shi ne ko mai sauraro ya gane, har zai iya maimaitawa ko ya yi aiki da abin da ya ji. Kallon ido kuma ta ɗauke shi zuwa darasinta, tana koya musu a matsayin dabarar ganawar neman aiki, ba sharaɗin wuce aji ba. Shugaban makaranta ya yarda a sake gwada duk waɗanda suka faɗi a kan wannan.

Na je da kaina na roƙi mahaifin yaron ya zo ya zauna cikin dattawa. Ya zo da babbar riga, ya zauna a gefe yana jan carbi, ko inda ɗansa yake bai duba ba, don ɗan fari ne kuma akwai kunya tsakaninsu. Ni kuwa na san in yaron ya daburce gaban uban, shi ke nan.

Yaron ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙe, kansa a ƙasa. Ya ce kaska ba a jikin saniya take ƙare rayuwarta ba. In ta ƙoshi da jini sai ta faɗo, ta yi ƙwai a ƙasa da cikin ciyawa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su jira wata dabbar. Saboda haka wanda ya yi wa shanu feshi ya mayar da su makwancinsu na jiya, aikin banza ya yi. Na ga carbin uban ya tsaya. Wani dattijo Babarbare ya maimaita bayanin tsaf, har da ƙari daga abin da ya gani a gidansa. Malamar Turanci ce ta rubuta sakamakon da hannunta: ya zarce.

Na yi hamdala a fili, ban damu da wa ya ji ba.

Da aka watse na raka uban bakin ƙofa. Bai ambaci sunan yaron ba, bai kuma yabe shi ba. Ya gyara hularsa, yana kallon titi, ya ce, "Malam, gobe zan sa a sauya wa shanun nan makwanci." Ya yi taku biyu, ya juyo. "Wancan yaron naku kuma, ku riƙe abinku. Zan nemo wa garken wani."