Allon da Ya Kusa Raba Gandu

Har gobe ina tuna safiyar da aka kira ni wani ƙauye kusa da Tsiga, farkon damina, lokacin ina ƙaramin malamin gona. Ofishinmu ya zaɓi wani manomi, Sale, don gonar gwaji, wato inda za a shuka sabon irin masara maƙwabta su gani su koya. Aka kafa allo da sunansa a bakin gonar. Ba a jima ba mahaifinsa, Malam Ɗanjuma, ya tumɓuke allon, ya ce Sale ya zaɓa, ko mu ko gidan ubansa.

Shugabana ya ce, "Taurin kan tsofaffi ne. A canja gona."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in je tukuna."

Na ɗan taɓa ilimin zamantakewa a kwaleji, har abokan aiki na tsokanata da "Farfesa", ni kuwa ban ƙi sunan ba. An koya mana duban al'ada ta fuska uku: aikin da take yi wa jama'a, wanda ke cin moriyarta da wanda ke cutuwa, sai ma'anar da mutane ke ba ta. Gonar ta gandu ce, uba da 'ya'ya suna noma tare, rumbu ɗaya ke ciyar da su. Ko tsohon na tsoron ɗansa ya fi ƙarfinsa ne? Amma ai shi ya yarda a yi gwajin. Saura fuska ta uku.

Na same shi a zaure, muka gaisa. Na ce, "Baba, irin ne ba ka so?"

Ya ce, "Malam, wa ke faɗa da masara? Jiya a masallaci aka yi mini jaje, wai ashe an raba gandu. Ƙannen Sale har sun fara tambayar nasu kason. Da raina fa."

Wallahi ya ba ni tausayi. A wurinmu allo ne kawai, a garin kuwa shelar rabon gado ce. Na sa aka goge, aka rubuta "Gandun Malam Ɗanjuma". Da hannunsa ya kafa shi, Sale kuma ya ci gaba da kula da gonar, yana kwana a gidansu.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin malaman gona: manomi bai cika ƙin sabon iri ba. Amma kafin ku rubuta sunan ɗa a kan gona, ku tambaya ko ubansa na da rai.