Taku Goma Sha Biyu Daga Bakin Rijiya

Abin ya faru ne a damina ta biyu bayan soja sun koma bariki, kafin bama-baman Ikeja su girgiza mana kwanon ɗaki. Amma tushensa ya girmi haka nesa. Tun ina yarinya ne, shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama, muna zaune a bakin layin dogo a nan Agege tare da kakata, wadda kowa ke kira Iya Mai Tuwo.

In an sallaci magariba ta sallami masu saye, sai ta ja mu gindin murhu, ni da Ladi, 'yar ƙanwar babana. Garwashi na ja, ruwan Ikko na dukan langa-langa, ita tana kankare ƙanzo tana miƙo mana. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, kuma kullum sai ta sauya musu baki. Guda ɗaya ce ba ta taɓa sauya mata ko kalma ba.

Wai shekarar marisuwa, annobar da ta share gidaje, wasu fataken goro su bakwai suka sauka a zangon da ke bayan tasha, dukkansu da zazzaɓi. Mutane suka gudu suka bar su. Wata mai tuwo ce kaɗai ke ɗaukar fitila da yamma ta kai musu kunu. Suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka rasa itacen rufe kabari, sai ta riƙa raba tukwanenta biyu ana kifawa a kansu, har ba ta da ta girki.

Mukan tambaya me matar ta samu. Iya takan ce, "Ba ta samu komai ba. Ku dai faɗa mini, ina aka sa su?"

Sai mu haɗa baki: taku goma sha biyu daga bakin rijiya, ka ba dogo baya. In muka yi kuskure, babu ƙanzo ranar.

Na yi aure, na haifa, na aurar. Zangon ya zama kango, ana cewa akwai mutanen ɓoye a ciki, ko awaki ba a ɗaurewa a wurin. Sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Sabo, ya saye shi don ya gina gidan wanka da bayan gida saboda 'yan ci-rani. Niyya mai kyau, don yaran nan na shan wahala. Ya kira wani Bayarabe mai hoto, Baba Rasaki, ya ɗauki filin saboda takardun gini. Da aka wanko hoton, ga wani farin haske can bayan rijiya, kamar mutum ya sunkuya riƙe da fitila, alhali da rana tsaka aka ɗauka, ba kowa a wurin.

Hoton ya zaga Agege kaf. Mahauta suka ce aljana ce. Baba Rasaki ya rantse haske ne ya shiga masa fim, ko da yake ya ƙi komawa ya sake ɗauka. Alhaji ya ce za a yi sauka a tofa, a ci gaba da aiki. Da hoton ya iso hannuna, ban tsaya kan hasken ba. Rijiya na duba, na duba dogo, na ga inda aka kafa turakun ramin masai. Daidai wurin da Iya ta ce an sa su ne.

Na yafa mayafi na tarar da dattawan unguwa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Na gaya musu akwai Musulmi bakwai kwance a wurin. Suka tambayi takarda, na ce ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena bai taɓa zubewa ba. Da suka ji daga tatsuniya na samo, har da mai rufe baki da hula.

Alhaji ya ce, "Haba Inna, in don tatsuniya ce, ai sai mu nemi kabarin Gizo ma."

Na ce, "Ɗan nan, ban san abin da ke cikin hotonka ba, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya in ce na sani ba. Abin da ke cikin ƙasa na sani. Ba za a yi kashi a kansu ina numfashi ba."

Washegari na ɗauki kujerata 'yar tsugunno na dasa a tsakiyar turakun. Kwana uku ina zuwa tun hantsi, ruwa ya dake ni, ƙafata ta kumbura. 'Ya'yana suka ce ina ba su kunya. Leburori kuwa, yaran ƙauye ne masu tarbiyya, suka ce wa ogansu ba za su ɗaga diga a kan tsohuwa ba.

Rana ta huɗu liman ya ce a gwada, a huta. Na tsaya a bakin rijiya, na ba dogo baya, na taka goma sha biyu. Aka haƙa wajen kamu biyu, babu komai. Aka fara ƙus-ƙus. Sai na tuna Iya doguwa ce, ni kuwa ga ni nan dai. Na ƙara taku uku. Ba a yi nisa ba shebur ya yi ƙara. Liman ya sauka da kansa ya share da hannu: bayan baƙar tukunya, a kife, wata na biye da ita. Ya ce a mayar da ƙasa.

Alhaji da kansa ya kewaye wurin da bulo, ya mayar da gininsa can gefen kwatar mahauta.

Sai a lokacin na gane abin da Iya ke yi da mu. Ba ta da alƙalami, ba ta da filin, ba wanda zai saurari mai tuwo. Sai ta ajiye mutanenta a bakin yara biyu masu kwaɗayin ƙanzo. Ko ita ce matar, ba ta faɗa ba, ni ma ba zan ɗora mata ba. Hasken kuma har yau ban san mene ne ba.

Liman ya rasu, Alhaji Sabo ya bi shi. Baba Rasaki na nan Mushin, ido ya tafi. Mu da muka ji daga bakin Iya, ni da Ladi, muna nan. Kunnenta ya toshe, ba ta gane jikokinta, amma ranar da na je dubiya na yi mata ihu a kunne ina aka sa su, ta ce goma sha biyu.