Taɓaryar da Aka Naɗe da Tsumma

Shekarar da fari ya ƙarar da dabbobin Damargu muna Tanut, Baba na aikin asibiti. Mu Kirista, gidajenmu ba su kai yatsun hannu ba a garin. Makiyaya suka cika bakin kasuwa, kunnensu na kan turmi: inda aka ji daka, nan ake zuwa roƙo. Sai Inna ta naɗe kan taɓaryarta da tsumma don kada a ji mu.

Da maraice muka kewaye murhu. Kaka, uwar Baba, ta dubi taɓaryar, ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.”

Wata mace ce, in ji ta, mai rumbu cike a shekarar yunwa. Ta naɗe taɓarya, ta ci ita kaɗai. Ran da mutanen gari suka ɗaure kaya za su kudu, suka bi gida-gida suna tada juna. A ƙofarta wani ya ce, “Wata uku ba a ji daka a nan ba, ai ta mutu.” Suka wuce. Ta fito, ba kowa. Ta warware tsumman, ta yi ta daka da ƙarfi ko wani ya jiyo. Kuraye ne suka jiyo.

Wayyo! Na ƙanƙame zanen Kaka.

Inna ta ce, “Iya, da ni kike. In na ba da, Yesu zai cika mini buhun geron? Ƴaƴana huɗu.”

“Ban sani ba, ƴar nan. Damina biyu ina roƙonsa ruwa, ko ɗigo. Wani lokaci sai in ga kamar da bango nake magana. Amma in zai shigo gidan nan, da yunwa zai shigo, kuma turmi zai bi.”

Da safe ƙarar taɓarya ta tashe ni. Inna na daka tana kuka. Kafin ta tankaɗe, wata Buzuwa ta yi sallama, da jariri kamar kara.

Buhun bai cika ba, kada in yi ƙarya. Sau ɗaya muka koma ci a yini, Kaka na tura mana rabonta, ba ta kuwa ga damina ba. Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. Amma ran jana'izarta makiyaya ne suka haƙa kabarin, su da ba addininmu ɗaya ba. Sun san gidan, sun ji daka.