Dattijo Mai Tantance Labari

Mai gyaran takalmi a tasha ya kasa ɗauke ido daga wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, rungume da littafin hadisi kamar jariri. Da gani tsohon malami ne, irin wanda ko matarsa ta ce abinci ya nuna, sai ta kawo shaida.

Wata mata ta ce, "Baba, motarku za ta tashi!"

"Daga wa kika ji, 'yata?"

"Mai tikiti."

"Shi kuma daga wa? Ba ya mantuwa?" Yana kaɗa yatsa. "Ko hadisi sai an tantance masu ruwaya, balle zancen tasha."

Motar ta wuce ta gabansu, jakar dattijon a sama.

Dattijon ya gyara tabarau, ya bi ta da kallo. "To, labari ya inganta."