Gwaggo da Jinin Tela

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekara ashirin da shida tana gwajin jini a wani ƙaramin asibiti. Ɗakinta bai fi taku huɗu ba: tebur mai farin tayil, madubin duba ƙwayoyin cuta, tsohon firji mai gurnani, da taga mai kallon igiyar shanyar zannuwan gado. A gida Sai-an-gwada muke ce mata, don ko ciwon kai ka ce kana yi, amsarta ke nan. Ran Lahadi kuma ita ce a sahun gaba na mawaƙan zumuntar mata a coci, da muryarta mai kauri. Ban taɓa jin ta ce aikinta da bangaskiyarta sun saɓa ba. Takan ce Ubangiji ne ya ba ta ido, nata dubawa ne kawai.

Sai maganar tela ta taso. Shi ke ɗinka wa mawaƙan cocinmu riguna, mutum ne mai yawan zolaya. Ya yi ta fama da kasala da rashin cin abinci, likita ya tura shi wurin Gwaggo. Sakamako ya nuna ciwon hanta, ita ta sa hannu a takardar. Ikilisiya ta ɗauki azumin kwana uku, mata suka riƙa zuwa gidansa addu'a, Gwaggo ce ma ke jan su. Bayan wata biyu ya sake gwaji a babban asibiti, aka ce jininsa fes. Ranar da ya ba da shaida, ya ɗaga takardun biyu sama, ya nuna Gwaggo ya ce, "Ga wadda ta ga ciwon da idonta, ku tambaye ta!" Ta miƙe tana kuka, coci ya ɗauki tafi.

Mako uku bayan haka mai gyara ya zo duba firjinta. Ya ce ai firjin ya daɗe yana ɗaukewa yana dawowa, wataƙila wata huɗu ke nan. A ciki take ajiye sinadarin gwajin hanta, shi kuwa ba ya son zafi. Ta buɗe littafin aikinta, ta ga mutum goma sha ɗaya ta rubuta wa ciwon a wannan tsakanin. Ta sanar da likita, aka kira goma aka sake gwada su da sabon sinadari. Shida lafiyarsu lau, huɗu kuwa da gaske suna da ciwon. Na sha ɗayan shi ne tela, jininsa na farko kuma tuni an zubar.

Na same ta a gida da yamma, ko farar rigar aiki ba ta cire ba.

"Ɗiyata, zauna ki taya ni," in ji ta. "Ko dai sinadarin ne ya yi ƙarya, bai taɓa ciwon ba. Ko ya yi, jikinsa ya kore shi da kansa, don akwai irin wannan. Ko ya yi, Yesu ya warkar da shi. Wanne ne?"

Na ce, "Gwaggo, ke da kika sani ma kina tambaya, balle ni?"

"Kuma na tsaya gaban jama'a na yi kuka. Kukan me na yi ke nan?"

Washegari ta je wurin fasto. Ta gaya mini ta so ya yi mata faɗa, ya ce ta cika bincike, ko ta samu abin riƙewa. Shi kuwa ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Mama, Allah ba ya bukatar mu rufa masa asiri. Amma in kin tambaye ni abin da ya faru a hantar mutumin nan, ni ma ban sani ba." Ta fito kanta ya fi ɗaurewa.

Ni na raka ta shagon tela. Muka tarar yana yanka yadi, allurai a bakinsa. Ta zayyana masa komai a tsaye.

Ya cire alluran ya ce, "Yaya, kina nufin ban yi ciwo ba?"

"Ban ce ba."

"To na yi?"

"Shi ma ban ce ba."

"To me kika zo faɗa mini?"

"Abin da na zo faɗa ke nan."

Ya zauna a kan kujerar keken ɗinki. Can ya ce shekara tara ba sa magana da wansa, sai da ya ɗauka mutuwa zai yi ya je ya durƙusa masa, yanzu tare suke cin abinci. "Wannan ma firjin ne?" Gwaggo ta ce ita jini aka ba ta ta duba, ba wansa ba. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ran Lahadi telan ya nemi a ba shi minti biyu a coci. Ya faɗi maganar firji ba ragi, ya ce yana gode wa Ubangiji, sai dai bai san takamaimai a kan me ba. Wasu suka ce amin, wasu suka tsaya suna kallon fasto, mai kiɗa ya fara ya fasa. Wata dattijuwa ta yi shekara ba ta amsa gaisuwar Gwaggo, wai ta ɓata wa Allah aiki. Wani ɗalibi kuma ya zo yana jinjina mata wai ta tona asirin masu addu'a, ta kore shi da tsintsiya.

Ta yi ritaya bayan shekara biyu, ba ta kuma fasa zuwa yi wa marasa lafiya addu'a ba. Bara na tambaye ta ko ta samu amsa. Ta ce wata rana takan tashi da tabbacin sinadari ne, kafin azahar ta koma cewa warkarwa ce, da yamma kuma ta ji kunyar duka biyun. Telan kuwa yana nan, ya yi ƙiba, har yanzu shi ke mata ɗinki, kuma har yanzu ba ya cika alkawarin rana.